Ged: matsafin da marubuciyarsa ta hana a mayar da shi Bature

A tsakiyar watan Disamban 2004, tashar talabijin ta Sci Fi Channel da ke Amurka ta nuna wani fim mai kashi biyu, dare biyu a jere, wanda aka ce an gina shi a kan littattafan almara na Earthsea. An kashe kuɗi, an kuma ɗauko manyan ƴan wasa irin su Danny Glover da Isabella Rossellini. Makon bai ƙare ba sai da matar da ta rubuta littattafan, Ursula K. Le Guin, mai shekara 75 a lokacin, ta fitar da maƙala a mujallar intanet ta Slate ta yi wa masu fim ɗin kaca-kaca.

Ƙorafinta na da yawa, amma babba a ciki shi ne launin fata. Jarumin labarin, Ged, wanda ya zama matsafi mafi ƙarfi a duniyarsa, a littafi fatarsa ja ce mai duhu, kamar tagulla. Amininsa Vetch baƙi ne wuluk. A fim kuwa sai aka ɗauko Shawn Ashmore, wani matashi ɗan Kanada fari sol, aka ce shi ne Ged. Le Guin ta ce ba a nemi shawararta ba, kuma ba bisa kuskure ta zaɓi launin mutanenta ba, da gangan ta yi.

Littafin da ake wannan rigima a kansa, A Wizard of Earthsea, ya fito a 1968. Masu karatu da Faransanci za su same shi da sunan Le Sorcier de Terremer, kamfanin Le Livre de Poche na buga shi. Bai fi a karance shi a kwana biyu ba. Amma duk wanda ya san rayuwar matar da ta rubuta shi zai ga kusan kowane shafi ɗauke yake da abin da take so da abin da ta ƙi jini.

Yaron awaki da ya so ya burge

A 1967 ne Herman Schein, mai wata ƙaramar maɗaba'a da ake kira Parnassus Press a garin Berkeley na jihar Kaliforniya, ya roƙi Le Guin ta rubuta wa matasa littafi, ya bar mata zaɓin batu. Tana da ƴaƴa uku ƙanana a lokacin, ba ta kuma yi wani suna ba. Littattafanta biyar na farko duk masu buga littattafai sun dawo mata da su. Ta yi jinkiri kafin ta amince. Da ta amince, abin da ta fara yi shi ne ta shimfiɗa babbar takarda ta zana taswirar wata duniya da babu komai a cikinta sai teku da ɗaruruwan tsibirai, ta raɗa wa kowanne suna.

Tambayar da ta dame ta mai sauƙi ce. Matsafan da ta sani a labaran Turawa, su Merlin da Gandalf, duk tsofaffi ne masu farin gemu da sanda, sun riga sun san komai kafin labari ya fara. To, kafin gemun ya yi fari fa? Wa ya koya musu, kuma wace ɓarna suka yi suna koyo?

Amsarta ita ce Ged. An haife shi a wani ƙauye a tsibirin Gont, ƙasar duwatsu da awaki. Uwarsa ta rasu yana jinjiri, ubansa maƙerin tagulla ne mai zafin hannu. Wata ƴar'uwar mahaifiyarsa, bokanyar ƙauye, ita ta fara koya masa kalmomin da ake kiran akuya da shaho da su, daga nan mutane suka laƙaba masa sunan Shaho. Da mahara suka faɗo wa ƙauyen, yaron ya tattaro hazo ya ruɗa su har suka watse. Waɗannan mahara, mutanen Karg, su ne farare masu gashi ruwan ɗorawa a littafin, kuma su ne ake kallo a matsayin jahilan da ba su iya karatu ba.

Labarin hazon ya kai kunnen wani babban matsafi, Ogion, wanda ya ɗauki yaron almajiri. Zaman bai yi tsawo ba. Ged yana son a koya masa abubuwan ban mamaki, malamin kuma tafiya kawai yake yi a daji yana shiru yana nuna masa ciyayi. Sai yaron ya zaɓi tafiya makarantar matsafa da ke tsibirin Roke. A can ya fi kowa ƙwaƙwalwa, ya kuma fi kowa girman kai. Wani ɗan masu kuɗi mai suna Jasper ya yi ta yi masa kallon ɗan ƙauye, shi kuwa don ya nuna masa iyakarsa, sai ya ce zai kira ruhin matacce a gaban ɗalibai. Ya kira, ƙofa ta buɗe, wata baƙar inuwa marar suna ta faɗo duniya ta yayyage masa fuska. Shugaban makarantar, Nemmerle, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen rufe ƙofar, ya mutu. Daga baya sai gudu, inuwar na bin Ged daga tsibiri zuwa tsibiri.

Mutumin da bai taɓa faɗin sunansa ba

A duniyar Earthsea tsafi ba tsatsuba ba ne, ilimin sunaye ne. Kowane abu, daga dutse har ɗigon ruwan teku, yana da sunansa na gaskiya a wani tsohon harshe, kuma wanda ya san sunan abu ya sami iko a kansa. Shi ya sa kowa ke ɓoye nasa. Ana raɗa wa yaro sunan gaskiya a kunne idan ya kai shekara 13, ba ya faɗa wa kowa sai wanda ya amince wa da ransa. Mafi wahalar darasi a makarantar Roke shi ne zama a wata hasumiya da ke can gefe, wata da watanni, ana haddace jerin sunaye. Babban dodon da ya addabi masunta ma, Ged bai kashe shi ba. Ya cinki sunansa ne daga tsofaffin labarai, ya kira shi da shi, ya sa shi rantsuwa.

Bahaushe ba zai ga wannan baƙon abu ba ƙwarai. Inda uwa ke kauce wa sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa kuma ya girma ana ce masa Abba ko Baba, an san suna yana da nauyi. Ita Le Guin a gidansu ta tsinci wannan tunani.

An haife ta ranar 21 ga Oktoban 1929 a Berkeley. Mahaifinta, Alfred Kroeber, yana cikin manyan masanan al'adun ɗan Adam a Amurka, ya kuma shafe rayuwarsa yana rubuta harsunan ƴan asalin Kaliforniya, waɗanda Turawa masu neman zinariya suka kusa ƙararwa. A 1911 wani mutum ya fito daga daji kusa da garin Oroville, da yunwa, shi kaɗai ya rage a ƙabilar Yahi. Kroeber da abokan aikinsa suka ɗauke shi, ya zauna a gidan tarihi na jami'a a San Francisco har tarin fuka ya kashe shi a 1916. A al'adar Yahi mutum ba ya faɗin sunansa da bakinsa, sai wani ɗan ƙabilar ya gabatar da shi, kuma babu wanda ya rage da zai yi hakan. Sai aka riƙa kiransa Ishi, wato “mutum” a harshensu. Ya tafi kabari da sunansa. Mahaifiyar Le Guin, Theodora Kroeber, ita ta rubuta tarihinsa a littafin Ishi in Two Worlds a 1961.

Le Guin ba ta riski Ishi ba, ya rasu shekara 13 kafin a haife ta. Amma ta girma tana ganin abokan mahaifinta irin su Juan Dolores da Robert Spott, ƴan asalin ƙasar, suna zuwa hutu gonar gidansu da ke kwarin Napa, ana ci tare ana hira. Masu nazarin littattafanta da dama suna ganin daga nan fatar Ged ta samo launinta, daga nan kuma ɓoye suna ya shiga labarin. Ita da kanta, a wata maƙala ta 1973, ta kwatanta aikin matsafi da aikin marubuci: dukansu neman kalmar da ta dace da abu suke yi, kuma ta ce ba ta iya rubuta komai a kan mutum sai ta ji sunansa ya zauna.

A nan masu fim ɗin 2004 suka yi wani kwaɓa mai ban dariya. Sun juya sunayen, suka mayar da Ged sunan da kowa ke kira a kasuwa, Shaho kuma ya zama na sirri.

Malamin da ya bar ruwa ya jiƙa shi

Abu na biyu da ta ɗauko daga gidansu wani ɗan ƙaramin littafi ne na ƙasar Sin, Tao Te Ching, wanda ake danganta wa Lao Tzu. Mahaifinta yana yawan karanta shi, ita ma ta riƙe shi tun tana budurwa, har a 1997 ta fitar da nata fasalin da Turanci. Koyarwarsa ita ce duniya a kan ma'auni take, kuma sau da yawa mai hikima shi ne wanda ya san lokacin da zai janye hannu.

Ogion shi ne wannan koyarwa a cikin rigar mutum. Ya taɓa tsayar da girgizar ƙasa, amma idan hadari ya taso yana tafiya, ba ya kore shi kamar yadda ƙananan bokaye ke yi. Raɓewa yake yi gindin itace ruwan ya sauka a kansa, almajirinsa na gefe yana rawar sanyi yana cizon yatsa. A makarantar Roke ma malamai na gargaɗin ɗalibai cewa wanda ya jawo ruwa ga tsibirinsa, mai yiwuwa fari ya aika wa wani. Manomin da ya taɓa tsayawa yana kallon hadari ya wuce gonarsa ya je ya zuba a ta maƙwabta zai gane nauyin maganar fiye da ɗan birnin Amurka.

Rayuwar marubuciyar ba ta yi nisa da ta Ogion ba. Ta karanci adabin Faransa da na Italiya a Radcliffe da Columbia, ta haɗu da mijinta, masanin tarihi Charles Le Guin, a jirgin ruwa kan hanyar Faransa, suka yi aure a Paris a 1953. Daga ƙarshen shekarun 1950 suka tare a Portland ta jihar Oregon, a nan ta zauna har ta rasu. Tana tashi da asuba, ta yi rubutu har rana ta take, sauran yinin na gida ne da karatu da amsa wasiƙu. A rubuce-rubucenta na tsufa, waɗanda aka tattara a No Time to Spare a 2017, ta ɓata shafuka tana bayanin yadda ake cin ƙwai mai rabin dahuwa da safe, da irin cokalin da ya dace, da kuma halayen kyanwarta Pard. Teku kuwa, duk da ya cika littafin, kusan abin da ta sani na tuƙin kwale-kwale mai filafilai bai wuce darasin ƴan watanni da ta yi a sakandare ba.

Abin da ta fi ƙin jini a labaran almara shi ne yaƙin nagari da mugaye, inda ake tara runduna biyu a kashe ta ɗaya gefen a ce duniya ta gyaru. A Wizard of Earthsea ba shi da wannan. In ban da harin ƙauye na farkon labari, babu runduna, babu sarkin duhu. Bayan Ged ya gaji da gudu ya koma wurin tsohon malaminsa a wahalce, shawara guda Ogion ya ba shi, ya juya ya bi abin da ke binsa. Ya bi inuwar har ƙarshen teku, inda babu sauran ƙasa, shi da Vetch a ƙaramin jirgi. Da suka yi ido huɗu sai ya kira ta da sunanta, sunan kuma Ged ne. Girman kansa ne da mutuwarsa, ya rungume su ya koma mutum guda.

Wanda ya saba da littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ake saurare yanzu a YouTube, ya san galibi boka shi ne ke tsaye bayan azzalumin sarki, kuma ƙarshensa halaka. Kalmar “sorcier” da ke bangon fassarar Faransanci ma, a kunnen ɗan Nijar maye take nufi. Ged ba maye ba ne, ba ya bautar aljani, ba ya neman kurwar kowa. Aikinsa na farko bayan makaranta shi ne zama a wani ƙauyen masunta yana duba marasa lafiya da gyaran jiragen ruwa, kuma a can ɗan abokinsa ya mutu a hannunsa duk da ƙarfin da ake faɗa yana da shi. Littafin almara ne, kamar yadda Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yake almara, kuma abin da yake bincike shi ne abin da baiwa ke yi wa yaron da bai iya riƙe ta ba.

Yaƙin bangon littafi

Le Guin ta san kasuwar da take sayar wa. A Amurkar 1968, shekarar da aka harbe Martin Luther King, masu karanta irin wannan littafi yawanci farare ne, kuma jarumin almara fari ne ba tare da an tsaya faɗa ba. Don haka ba ta buɗe labarin da launin Ged ba. Ta bari sai mai karatu ya yi nisa, ya shiga jikin yaron, sa'annan ta sako maganar a hankali. Ta faɗi daga baya cewa dabara ce ta yi.

Dabarar ta yi aiki har ta wuce gona da iri. Bugun farko, wanda Ruth Robbins ta yi wa zane, ya nuna Ged da fatarsa ta tagulla. Bayan shi, masu buga littattafai suka yi ta manna farin saurayi a bango, da hujjar da suka saba, wai baƙar fuska ba ta sayar da littafi. Ta ce da ta ga Ged ɗin wani bugun Birtaniya na farko, fari fat kamar marar lafiya, ihu ta yi. Shekara da shekaru tana wannan faɗa, kuma sai da sunanta ya yi nauyi kafin a fara sauraronta. A ɗaya ɓangaren, ta ba da labarin wasiƙun da take samu daga masu karatu waɗanda ba farare ba, suna gaya mata wannan ne littafin almara na farko da suka ga kansu a ciki.

Japan ma ba ta share mata hawaye ba. Tun shekarun 1980 Hayao Miyazaki, gwanin fina-finan zane, ya nemi izinin yin fim ɗin ta ƙi. Da ta ga aikinsa daga baya sai ta sauya ra'ayi, amma kamfanin Studio Ghibli ya miƙa aikin ga ɗansa, Goro Miyazaki, wanda bai taɓa shirya fim ba. Fim ɗin ya fito a 2006. Bayan ta kalla, ta gaya wa Goro cewa fim ɗinsa ne, ba littafinta ba ne. Ta yaba kyan zanen, amma ta koka da cewa fatar mutanen ta yi haske, an kuma ƙirƙiro mugu guda da za a kashe a huta, wato ainihin abin da ta gina littafin don ta guje masa.

Game da Harry Potter, wanda ya zo shekara 29 bayan Ged da makarantar matsafa da yaro mai tabo a fuska, ba ta taɓa cewa an sace mata ba. Abin da ya ba ta haushi shi ne masu sharhi da suka riƙa cewa ba a taɓa ganin irinsa ba. A wata hira da jaridar Guardian a 2004 ta nuna littafin bai burge ta ba, ta fuskar salo da ta ɗabi'a.

Inda ɗanɗanonta ya gaza

Matar da ta kula da launin fata haka, a littafin farko ba ta kula da mata ba. Makarantar Roke ta maza ce zalla. Matan da ke da baiwa bokayen ƙauye ne marasa ilimi, ko kuma masu yaudara, har karin maganar mutanen Gont na danganta tsafin mace da rauni da mugunta. Littattafai biyu suka biyo baya, The Tombs of Atuan da The Farthest Shore, na biyun ya ci babbar kyautar littafi ta ƙasar Amurka a 1973, kowa ya ɗauka an gama.

Sai bayan shekara 18 ta dawo da Tehanu, a 1990. A nan Ged ya rasa ƙarfinsa gaba ɗaya, ya koma Gont yana kiwon awaki yana jin kunyar haɗa ido da mutane. Labarin na hannun Tenar ne, gwauruwa mai gona, wadda ke riƙon wata yarinya da danginta suka yi wa fyaɗe suka jefa a wuta. Wasu masoya littattafan farko sun yi fushi, suna ganin ta wulaƙanta jaruminsu. Littafin dai ya ci kyautar Nebula, kuma a wata lacca da ta gabatar a Oxford a 1992 ta bayyana cewa da farko ta rubuta ne bisa dokokin labaran maza da ta gada, ba tare da ta tambayi dalili ba. Littattafai biyu na ƙarshe sun fito a 2001, a cikinsu ta nuna cewa da mata aka kafa makarantar Roke kafin a kore su.

A shekarunta na ƙarshe ta sami mai zanen da ya saurare ta. Charles Vess ya shafe kimanin shekara huɗu yana aika mata zane tana gyarawa, daga siffar dodanni zuwa kayan ɗakin manoma, kuma Ged ya fito da duhun fatarsa da tabonsa. Ta rasu a Portland ranar 22 ga Janairun 2018 tana da shekara 88. Kundin, mai ɗauke da dukkan labaran Earthsea a kusan shafi 1,000, ya fito a watan Oktoban wannan shekara, daidai cikar littafin farko shekara 50, ya kuma ci kyautar Hugo a 2019.